Ba Mu Gan Ki Ba: Daga Paris Zuwa Lyon da Saƙon Kaka

Asabar da asuba, La Courneuve

Ƙarar ruwan buta ce ta tashe ni. Hajiya Balkisa tana alwala, ruwan yana sauka a hankali kamar yana jin kunyar maƙwabta. Ƙarfe shida saura ashirin, taga baƙi ƙirin, sanyi bai gama tafiya ba. Na ɗan kwanta ina sauraro, warin daddawa yana leƙowa daga jakata duk da leda uku da na naɗe ta da su.

Hajiya mutuniyar Damagaram ce, ƙawar mahaifiyata tun suna makaranta, kuma a gidanta nake zaune tun da na zo Paris karatu wata shida da suka wuce. Ita musulma ce, ni kirista, abin da kawai yake haɗa mu gardama shi ne yawan barkonon miya.

Daddawar ba tawa ba ce. Kakata Saratu ce ta aiko da ita daga ƙauyenmu na kusa da Maradi, haɗe da faifai da ta saƙa da hannunta, ta ce in kai wa Madam Ladi a Lyon. Madam Ladi Bafaranshiya ce, ma'aikaciyar jinya, ta yi shekara ashirin a ƙauyenmu kafin a haife ni. Ranar Lahadi ta sauka garin, shi ya sa aka raɗa mata Ladi, sunanta na yanka kuwa ba wanda ya riƙe. Ita ta koya wa Kaka karatu. Saƙon yana da wutsiya: in kwana, in bi ta sujada, in kira Kaka ta bidiyo don ta ga majami'ar da ta aiko mana Ladi.

«Tamu ta laka ma har gindin dogonyaro ake zama,» in ji Kaka a waya. «To tasu fa? Ai sai dai kasuwa.»

Wutsiyar nan ce ta hana ni sakewa. A wata shidan nan sau biyu kacal na shiga majami'a. Kowace Lahadi da yamma Kaka takan tambaye ni, «Kin je sujada?» ni kuma in ce, «Na ji ƙararrawa, Kaka.» Ina jin ta ɗin, daga cikin bargo. Na san in muka haɗa ido da ita daga cikin majami'a, amsar nan ba za ta ƙara fita daga bakina ba.

«Hannatu, tashi, jirgi ba ruwansa da mafarkinki,» Hajiya ta ce daga bakin ƙofa. Ta ajiye mini shayi da burodi. «Gobe dai Lahadi za ta same ki a tsaye.»

Dama duk Lahadi takan leƙo ɗakina ta ce, «Yau ba ranarku ba ce?» in ce ina da jarrabawa, ta ce to, ta ja ƙofa.

Ƙarfe shida da kwata mijinta Alhaji Sani ya dawo daga aikinsa na kasuwar Rungis, rigarsa tana warin kifi da ƙanƙara. Ko zama bai yi ba ya ce in fito ya kai ni tasha. Ba mu yi nisa ba ya sauke gilashi.

«Wa ya buɗe kasuwar Maradi cikin motata?»

«Alhaji, warin kifinka ne.»

«Kifina yana da takarda. Wannan taki kuwa in ƴan sanda suka shinshina, ban san ki ba.»

Bakwai saura minti biyar ya ajiye ni a Gare de Lyon.

A cikin jirgin ƙasa

Na nuna tikitina ga na'urar ƙofa, ta yi ƙara ta buɗe. Jirgi ya tashi bakwai da minti ashirin, ba gaba ba baya. Tsakanin Paris da Lyon ya haura kilomita ɗari huɗu, amma awa biyu ake yi. Rana ta fito muna tsakiyar gonaki, hazo kwance a kansu kamar auduga da aka shanya. Kowane ƙauye muka wuce, hasumiyar majami'a ce ke fara bayyana, siririya, kamar yatsan ɗalibin da ya ɗaga hannu malami bai kula shi ba.

Matar da ke kusa da ni za ta yi shekara arba'in. Ta shinshina sau biyu, sannan ta tambaye ni cikin ladabi wane irin cuku ne a jakata. Na yi mata bayanin daddawa, muka yi dariya, hira ta kai mu ga hasumiyoyin nan. Ta ce a irin waɗannan ƙauyuka ta girma, kakarta ce ke riƙe hannunta zuwa majami'a. Yanzu limami ɗaya ke zagaya ƙauyuka da yawa, sai ka duba takarda a ƙofa kafin ka san makon da zai zo naku. Ita kuma Lahadi ce kaɗai ranar barcinta, ranar wanki, ranar kai ɗiyarta wasan ƙwallo. Rabonta da shiga tun jana'izar mahaifiyarta.

«Ba faɗa muka yi da Allah ba,» ta ce tana kallon taga. «Gaisawa kawai muka daina.»

A garinmu in mutum biyu suka daina gaisawa, ai shi ne faɗan.

Lyon

Tara da minti ashirin muka isa. Na shiga tasi ina amsa kiran Hajiya, direban ya juyo gaba ɗaya.

«Ke! Hausa nake ji?»

Malam Bello sunansa, mutumin Garwa, shekararsa goma sha tara yana tuƙi a Lyon. Sai da muka gaisa har kan kaji kafin ya tada mota. Muka haye kogi, sannan hanya ta fara hawan tudu. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya nuna mini wani tsohon gini mai dogayen tagogi.

«Wancan da majami'a ce, yanzu zane-zane ake nunawa ciki. Mu ran Juma'a wuri muke nema, su ran Lahadi mutane suke nema.» Ya dube ni ta madubi. «Amma kar ki ce dariya nake yi musu, ƙanwata. Ɗiyata babba ma sai an yi da gaske take salla. Ƙasar nan tana cinye ranakun mutum, sai ka farka ka ga mako ya ƙare.»

Yuro goma sha huɗu na biya, ya ɗora mini addu'a kyauta.

Gidan Madam Ladi yana hawa na huɗu, matakala saba'in da biyu, na ƙirga su da numfashina. Kafin in ƙwanƙwasa ƙofa ta buɗe. Ƴar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, gashi fari fat, da zanen atamfa da ya koɗe a kafaɗa.

«Marhabin, marhabin! Kin zaka lahiya, ɗiya? Ina gajiya? Ina mutan gida?»

Na tsaya baki buɗe. Hausar tsofaffin garinmu ce, wadda ko mahaifiyata ta daina yi, tana fitowa daga bakin Baturiya a saman tudun Lyon. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗago ni tana cewa gwiwoyinta ba za su iya ramawa ba.

Da na kwance ledar ta sa hanci a daddawar ta lumshe ido, ta daɗe a haka. Faifan kuwa ta juya shi ta bi saƙar da yatsa.

«Hannun Saratu ne. Kullum takan matse bakin da yawa. Shekara nawa ina gaya mata.»

Da rana ta tuƙa mana tuwon semul da miyar kuka, ta ce kukar daga shagon wani ɗan Mali take saye. Muna ci tana tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu na amsa da «ya rasu», ita kuma ta ce «Allah ya ji ƙansa» ta wuce na gaba. Ta tambayi Malam Barnaba, mai buga ƙarfen sujada. Mu ba mu da ƙararrawa, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a dogonyaro. Na ce ya rasu, ɗiyarsa ke bugawa yanzu.

«Nan inji ke buga mana,» ta ce. «Ba ya makara, ba ya ciwon baya. Amma Barnaba in ya gama bugawa yakan tsaya ya ga wanda bai fito ba.»

Sai ta tambaye ni ko har yanzu ana cigiya. Na ce ana yi. Ga wanda bai san garinmu ba: in an tashi daga sujada, matan zumunta sukan duba bencin da ya yi gibi, su bi gidan mai shi tun kafin su cire kallabin Lahadi. Ba sa faɗa, ba sa wa'azi. Sallama kawai, sai su ce, «Ba mu gan ki ba.» Daga nan sai su yi shiru, kai kuma dole ka faɗi dalili, ko zazzaɓi ne, ko fushi, ko rashin sabulun wanki.

Na tambaye ta ko gobe za a cika. Ta share bakin faranti da ɗan yatsa.

«Za ki gani. Amma kar ki yi saurin yanke musu hukunci, ɗiya. Wasu aiki ya ɗauke su. Wasu ƴaƴansu sun yi nisa, ba mai riƙe musu hannu. Wasu an cuce su ne a cikin gidan Allah, waɗanda ya kamata su tsare su suka cuce su, aka kuma rufe maganar. Wasu kuwa sun duba zuciyarsu ba su tarar da bangaskiya ba, suka ƙi yin ƙarya. Waɗannan ina girmama su.»

Na sunkuyar da kai kan tuwona. Da yamma ruwa ya sauko, ya yi ta buga taga. Ta shimfiɗa mini a ɗakin littattafai.

Lahadi

Goma da minti biyar muka fita, tana riƙe da hannuna, duwatsun hanya suna sheƙi da ruwan jiya. Tafiyar minti goma ce, muka yi ashirin da biyar. Goma da rabi ƙararrawa ta kaɗa a samanmu, na ɗaga kai ina neman mai igiya, sai na tuna inji ne.

Ciki yana ƙamshin tsohon katako da sanyi. Bencuna a jere har ba na iya ganin ƙarshensu sosai, haske yana saukowa daga tagogi yana kwanciya a kansu, ba kowa. Na ƙirga mu: goma sha ɗaya, har da ni. Fasto mace ce, matashiya, mukullin motarta a kan bagade domin wata ikilisiya tana jiran ta a wani gari. Da aka fara waƙa muryoyin suka tashi sirara, suka yi sama suna neman inda za su sauka. Ban taɓa jin waƙa mai kaɗaici da kyau irin wannan ba.

Na nemi izinin fasto tun kafin a fara, don haka da aka sa albarka na kira wayar Gwaggo Tabita, ƙanwar babana. Fuskar Kaka ta cika gilashin, rabin goshi da hanci. Ta fito daga tasu sujadar ta zauna gindin dogonyaro. A bayanta kiɗan tulu da guɗar mata suna tashi, har ƴar wayata ta cika majami'ar Lyon da su. Tsofaffin nan goma suka juyo gaba ɗaya.

«Hannatu, kin isa? Juya mini in ga jama'a.»

Na juya wayar, na bi bencunan a hankali, daga gaba har baya.

«Ina sauran?»

«Mu ke nan, Kaka.»

Ta matso da ido, ina jin ta hango rigunan ruwa da lemomi a jingine.

«An yi ruwa ne?»

«An yi jiya.»

«To, ai shi ya sa!» Muryarta ta saki. «Sun tahi shibka. Mu ma in ruwan fari ya sauka daren Asabar haka muke wayewa, daga fasto sai guragu. Allah ba ya fushi da mai shibka.»

Madam Ladi ta fashe da dariya har ta dafa benci. Ta karɓi wayar.

«Saratu!»

«Ladi! Ke ce kika tsufa haka?»

«Ke kuma yarinya kika koma? Har yanzu kina matse bakin faifai.»

Suka yi ta gaisuwa suna share hawaye, kowace tana katse ɗaya. Sai Madam Ladi ta ce, «Saratu, shibkar nan tasu ta fi shekara arba'in. Ba su dawo ba.»

Kaka ta daina dariya. «To wa ya je cigiyarsu?»

«Nan ba a buga ƙofar mutum sai da randebu, sai ya sa maka rana. In ka tambaye shi me ya hana shi zuwa, sai ya ce ka shiga rayuwarsa.»

«Yo in ba a shiga rayuwar mutum ba, ta wa za a shiga? Mutum ya ɓace daga benci, ba wanda ya bi sawunsa? Ladi, ke da kika taka har gonarmu da rana tsaka kina nemana!»

«A can na koya, Saratu. Da na dawo na ajiye shi tare da takalman rairayi.»

Ta miƙo mini wayar. Na san lokacina ya yi. Na koma bencin baya, na rage murya.

«Kaka, ni ma ina cikin masu shibkar. Tun da na zo sau biyu na je. Ƙararrawar da nake ce miki ina ji, daga gado nake jin ta.»

Kiɗan tulu ya ci gaba a bayanta. Ta gyara kallabinta, ta dube ni kamar tana tsaye a ƙofar ɗakina.

«Hannatu,» ta ce. «Ba mu gan ki ba.»

Ta yi shiru, irin shirun nan. Sai na ji dalilin yana fitowa, wanda ni kaina ban taɓa jera shi ba. Na ce ranar farko na zauna tsakanin mutane, aka yi waƙa, aka tashi, ba wanda ya tambayi sunana. Na fito kamar yadda na shiga. Rana ta biyu ma haka. Ta uku na ga ko na je ko ban je ba benci ba zai sani ba, sai na ja bargo.

«To,» in ji Kaka. «Ke sunan wa kika tambaya?»

Sai ta ce in sha ruwa, in gaida mutanen, sauran maganar sai yamma.

A ɗan ɗakin baya aka ba mu kofi da biskit. Na bi tsofaffin nan ɗaya ɗaya na tambayi sunayensu, na rubuta a bayan tikitina. Wani dattijo ya ce in sake kunna masa kiɗan nan na waya, ya tambaya ko biki ake yi. Na ce a'a, Lahadi ce kawai.

Muna fitowa Madam Ladi ta ja ni hagu maimakon dama. Ta ce akwai wata mai zama a benci na uku, mako biyar ke nan ba ta zo ba, tun rasuwar mijinta. Muka hau hawa biyu, ta danna ƙararrawa. Matar ta buɗe da sarƙa a ƙofa, ido ɗaya a waje. Madam Ladi ta faɗa mata maganar nan ta masu cigiya da Faransanci, kalma huɗu ko biyar, sannan ta yi shiru irin na garinmu. Na ji sarƙar ta zame. Mun yi awa guda a ciki. Matar ba ta yi alkawarin dawowa sujada ba, ta ce ba ta san ko tana da sauran abin da za ta ce wa Allah ba. Amma ta ce wa Madam Ladi ta zo shan shayi ran Alhamis.

Komawa

Jirgin biyar da minti huɗu na hau. Jakata ta yi sauƙi, sai warin da ya ƙi fita. Hasumiyoyin suka sake wucewa ɗaya bayan ɗaya, wannan karon rana tana faɗuwa a bayansu, ina ta tunanin ko wace ce ke zama a benci na uku a kowace. Bakwai da ƴan mintuna muka shiga Paris, na bi jirgin unguwa, takwas da kwata ina ƙofar gida.

Hajiya tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba.

«Yau ma ƙararrawar kika ji, ko kin shiga?»

«Na shiga, Hajiya.»

«Madalla. Wanke hannu ki zo ki dama mini kuka.»

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Sani da motarsa ta yi mako tana warin Maradi, da Malam Bello, da Madam Ladi da tuwonta. Ba zan ce muku ban ƙara fashin sujada ba, na yi. Amma yanzu a majami'ar unguwarmu akwai mutum bakwai da na san sunayensu, kuma in na ja bargo wata tsohuwa ƴar Togo takan kira ni kafin azahar.

Sai bayan shekara biyu, da na je gida hutu, Gwaggo Tabita ta gaya mini asalin saƙon. Muna tsinke zogale ta ce ai Hajiya Balkisa ce ta kira Kaka a waya, wata Lahadi ina barci. Ta ce mata, «Iya, ɗiyarku ba ta zuwa ibadarku. Ni ba zan iya kai ta ba, amma ban ga zan yi shiru ba.» A ranar Kaka ta aika aka sayo mata kaba, ta fara saƙa faifan.